Ƙungiyar malaman da ba ta yajin aiki: muhawara kan TAGT ta jihar Texas

Kwamared: Salamu alaikum jama'ar zaure. Malamar Houston, jiya kin ce ba za ki samu leƙowa ba saboda kina haɗa takardar da za ki gabatar a taron ƙungiyarku ta malaman haziƙan yara. Tun jiya maganar ke min yawo a kai. A ce malamai sun kafa ƙungiya guda, ba don albashi ba, ba don ƙarin girma ba, sai don yaran da dama can sun fi kowa ganewa a aji? Wanda ya ƙoshi ake ƙara wa tuwo? Don Allah ki warware mana.

Malamar Houston: Wa alaikumus salam Kwamared. Na san sai ka tanka. Sunan ƙungiyar Texas Association for the Gifted and Talented, amma kowa TAGT yake cewa. A 1978 aka yi mata rajista, ofishinta yana Austin, babban birnin jihar. Ba ta malamai kaɗai ba ce: akwai shugabannin makarantu, masu ba ɗalibai shawara, malaman jami'a, da iyaye. Ta yi shekaru tana buga mujalla mai suna TEMPO, tana kuma yin babban taro duk ƙarshen shekara, ana zagayawa da shi manyan biranen jihar.

Kafin ka gane dalilin kafa ta sai ka san abu ɗaya game da Amurka. Gwamnatin tarayya tana da dokar da ta tilasta wa kowace makarantar gwamnati kula da yaro mai naƙasa, amma ba ta da irinta ga yaro mai baiwa. An bar wa jihohi, kowa ya yi yadda ya ga dama. Wata jihar ta tilasta ta kuma ba da kuɗi, wata ta tilasta ba ko sisi, wata ko ambaton zancen ba ta yi. Tunda a majalisar jiha ake yanke hukunci, dole masu kishin abin su haɗu a matakin jiha. Shi ya sa kusan kowace jiha take da tata ƙungiyar. Ta Ohio ma tun 1952 take, ta girmi ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, NAGC, wadda aka kafa a 1954.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, ashe Texas a baya ta zo. Me ya tsayar da su har 1978?

Malamar Houston: Baba, barka da hutawa. Ai zancen ma a ƙasar gaba ɗaya tashi yake yana kwanciya. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, hankalin Amurkawa ya tashi, suka yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, aka zuba kuɗi a lissafi da kimiyya da harsuna. Da tsoron ya lafa, zancen haziƙai ya lafa. Sai a 1972 kwamishinan ilimi na tarayya, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisa rahoton da ya ba da ma'anar yaro mai baiwa a hukumance, ya ce aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ɗalibai ne, kuma mafi yawansu ba a yi musu komai. Bayan rahoton ne jihohi da yawa suka motsa.

A Texas ga yadda abin ya jeru. A 1977 majalisar dokoki ta yi dokarta ta farko da ta shafi karatun haziƙai. A 1978 aka kafa TAGT. A 1979 aka fara ware kuɗin jiha, amma ganin dama ne, gundumar ilimin da ta so ta yi shiri, wadda ba ta so ba ta bari. Babban sauyi a 1987 ya zo, lokacin da majalisa ta wajabta wa kowace gundumar ilimi ta gano irin waɗannan yara ta kuma yi musu tanadi a kowane aji, aka ba su zuwa shekarar karatu ta 1990 zuwa 1991 su fara. A 1990 hukumar ilimin jiha ta amince da kundin tsarin da ake bi, an sake masa fasali a 1996 da 2009 da 2019. Daga ganin dama zuwa wajibi, shekara takwas ke nan, kuma gundumomin ilimin Texas sun haura dubu.

Kwamared: To wannan ai aikin majalisa kika lissafo mana. Ina aikin ƙungiya? Yajin aiki nawa suka tafi kafin a saurare su?

Malamar Houston: Ko ɗaya. A Texas doka ta hana ma'aikacin gwamnati yajin aiki. Malamin da ya shiga zai iya rasa takardar izinin koyarwarsa da haƙƙoƙinsa na aiki. Ko zaman cinikin albashi tsakanin ƙungiyar ƙwadago da gwamnati irin wanda ka saba, babu shi a nan.

Kwamared: Inna lillahi. To ƙungiyar me ke nan? Ƙungiyar shan shayi?

Injiniya: Kwamared an taɓo maka inda yake maka ƙaiƙayi 😂

Malamar Houston: Bari ka ji yadda ake yi. Majalisar Texas ba kullum take zama ba. Sau ɗaya ne a shekara biyu, a shekarun mara, daga Janairu, kwana 140 kacal. Duk dokar da ba ta wuce a kwanakin nan ba sai bayan shekara biyu, in dai ba gwamna ya kira zama na musamman ba. Saboda haka wanda ya shirya tun kafin a buɗe zama shi ke cin riba. Aikin ƙungiya shi ne bin diddigin kowane ƙudiri da ya shafi yaranmu, ta sanar da mambobi, a samu masu zuwa gaban kwamiti su ba da bahasi, iyaye kuma su dami ɗan majalisar mazaɓarsu da waya da wasiƙa. Ɗan majalisa zai iya share malami, yana cewa neman na kansa yake. Uwar da ta zo daga mazaɓarsa da ƙuri'a a hannu kuwa ba ya share ta. Wannan ne amfanin sa iyaye a ciki.

Aiki na biyu kuma, wanda a ganina ya fi na farkon, shi ne horo. Ƙa'idar jiha ta ce duk malamin da zai koyar a shirin haziƙai sai ya yi bita ta awa 30: halayyar irin yaran da bukatunsu, yadda ake tantance su, da yadda ake tsara musu darasi. Bayan nan kowace shekara sai ya ƙara awa 6. Shugabannin makaranta da masu ba da shawara da ke da ta cewa a shirin su ma awa 6. Dubban malamai ke nan da ke neman inda za su yi bita duk shekara. Cibiyoyin ilimi na shiyya guda 20 da jihar ke da su suna bayarwa, gundumomi suna bayarwa, taron TAGT ma hanya ce ta samun awannin. Ka ga doka ta haifar da buƙata, buƙata ta cika wa ƙungiya zaure, cikar zaure ta ba ta bakin kare dokar.

Kwamared: Ko kuma a ce ƙungiya ta nemi dokar da za ta kawo mata masu biyan kuɗin rajista. Ni ɗan ƙungiya ne, na san yadda ake wannan lissafin.

Malamar Houston: Ba zan ce maka babu wannan ba. Amma ni da na zauna a aji kafin bitar da bayanta, na san bambancin.

Tsohon Hedimasta: Kwamared, ka bar ni da kai a kan maganarka ta farko, ta wanda ya ƙoshi. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma ina gaya maka yaron da ya fi kowa ganewa ba ƙoshi yake ba. A ajin mutum tamanin, malami yana koyar da na tsakiya ne. Na ƙasa ya ɓace, na sama ma ya ɓace, sai dai shi na saman ba wanda ya lura domin yana cin jarrabawa. Me muke yi da shi? Mu naɗa shi monita, ya riƙa rubuta sunan masu surutu. Ko mu ba shi alli ya kwafe mana darasi a allo. In ya cika tambaya mu ce ya fiye iyayi. Wasu su koma 'yan bayan aji masu tsokana, a yi ta dukansu, alhali gundura ce ke damunsu. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya gama firamare da sakandare bai taɓa zama ya yi karatu ba saboda komai yana zuwar masa a sauƙaƙe. Ranar da ya shiga jami'a ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa, bai san yadda ake dagewa ba, sai ya zube. Na ga irinsu, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Iyakar dabararmu a da ita ce tsallaken aji. A ɗauke yaro daga aji uku a kai shi biyar, shi ke nan, ba wanda zai sake bi ta kansa.

Malamar Houston: Baba, tsallaken aji a nan ma akwai shi, sai dai ba ra'ayin hedimasta ba ne. Ɗan firamare zai zauna jarrabawar ajin da yake son tsallakewa a fanni huɗu: harshe, lissafi, kimiyya da zamantakewa. In ya samu kashi 80 a kowanne, makaranta ta ba da shawara, iyaye suka sa hannu, ya wuce. A da kashi 90 ake nema, a 2013 aka sauko da shi.

Maman Yusra: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina haɗiye magana. Anti, duk abin da kika faɗa a takarda haka yake, amma ni uwa ce a jihar nan, bari in faɗi nawa. 'Yata ta fara makaranta tana jin Hausa fiye da Ingilishi, domin da shi muke magana a gida kuma ba mu da niyyar dainawa. Yarinyar da take haɗa lissafin da yayanta ke fama da shi. Malamarta ba ta taɓa miƙa sunanta a tantance ta ba, kullum rahoton shi ne ba ta magana a aji. Ni kuma ban ma san ana miƙa suna ba. Sai wata maƙwabciyata 'yar Indiya ce ta tambaye ni ko na cike fom, na ce wane fom? Ashe su tun kafin yaro ya shiga makaranta sun san watan da ake buɗewa, har littattafan gwaji suke saya. Da na je na nema da kaina aka gwada ta, ta kuma shiga. To ina 'ya'yan waɗanda ba su da irin maƙwabciyata?

Kwamared: Yauwa! Allah ya yi miki albarka Maman Yusra. Abin da nake nufi ke nan. Sunan shirin na haziƙai, amma 'ya'yan masu ido da sani ne ke ciki.

Malamar Houston: Maman Yusra, ba ki faɗi ƙarya ba, kuma wannan ne ciwon da ya fi damun fannin tun asali. Fiye da rabin ɗaliban makarantun gwamnatin Texas 'yan asalin Latin Amurka ne, amma kasonsu a shirin haziƙai bai kai haka ba. Baƙaƙen fata ma kasonsu a shirin ya yi ƙasa sosai da kasonsu a makarantu. 'Ya'yan talakawa haka, masu koyon Ingilishi haka. Akwai binciken da Grissom da Redding suka fitar a 2016 a kan ƙasar baki ɗaya, ya nuna yaro baƙar fata mai maki daidai da na farar fata ya fi shi wuyar shiga shirin, amma in malaminsa baƙar fata ne giɓin yakan kusa ɓacewa. Wato matsalar tana wajen wanda ke miƙa suna.

Abin haushin shi ne dokar Texas ɗin kanta ta hango wannan. Ma'anar da ta bayar ba ta ce yaron da ya fi kowa maki ba. Cewa ta yi wanda yake yin fice, ko yake nuna alamar zai iya yin fice, in an gwada shi da sa'o'insa a shekaru, ko a abin da suka taɓa gani a rayuwa, ko a muhallin da suka tashi. Ta kuma haɗa da ƙirƙira, fasaha da iya shugabanci, ba karatun littafi kaɗai ba. Ƙa'ida ta ce kada a dogara da ma'auni ɗaya, kwamitin mutum aƙalla uku masu horo ne zai yanke hukunci, a gwada yaro da harshen da yake ji ko da gwajin da ba ya buƙatar harshe, kuma iyaye suna da damar ɗaukaka ƙara. Duk yana rubuce. Aiwatarwa ce take bambanta daga gunduma zuwa gunduma.

Injiniya: To ai maganin a fili yake Malama. A daina jiran wani ya miƙa suna, a gwada kowa da kowa. Na karanta cewa gundumar Broward a jihar Florida ta yi haka a 2005, ta gwada duk 'yan aji biyu da gwajin zane-zane da siffofi wanda ba ruwansa da Ingilishi. Adadin baƙaƙe da 'yan Latin da aka gano ya yi tsalle. Da tattalin arziki ya karye aka dakatar saboda kuɗi, adadin ya koma gidan jiya.

Malamar Houston: Haka ne, kuma gundumomi da yawa a nan sun koma gwada kowa a aji ɗaya ko biyu. Amma ka ji ƙarshen labarin da ka bayar: kuɗi.

Tsohon Hedimasta: Ni dai ina tsoron gwajin nan da ake ɗaukarsa kamar wahayi. Ba wani bature ba ne ya tara haziƙai ya bi rayuwarsu, aka ce ya zubar da waɗanda suka fi?

Injiniya: Lewis Terman ne Baba, na jami'ar Stanford. A 1921 ya fara, da yara kusan 1,500 a Kaliforniya. Cikin waɗanda aka gwada makinsu bai kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, dukansu suka zo suka ci kyautar Nobel a fiziks, ɗaya a 1956 ɗaya a 1968. Cikin waɗanda ya zaɓa ba wanda ya ci.

Tsohon Hedimasta: To kun ji.

Maman Yusra: Anti ki koma kan zancen kuɗin nan, don na ji iyaye suna ta maganar 2019 a taron makaranta ban gane kanta ba.

Malamar Houston: Nan ne ma za a ga amfanin ƙungiya da kuma iyakar ƙarfinta. Shekaru da yawa tsarin shi ne: a kan kowane yaron da ke cikin shirin, jiha tana ƙara wa gunduma kashi 12 cikin ɗari na kuɗin da ake ba kowane ɗalibi, amma ba za a biya wa fiye da kashi 5 na ɗaliban gundumar ba. Sama da dala 600 ke nan a kan kowane yaro, kuma kuɗi ne mai suna, na shirin haziƙai.

A 2019 majalisa ta yi babbar dokar gyaran kuɗin makarantu, HB 3, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu. Doka ce ta dala biliyan 11.6, ta ɗaga kuɗin kowane ɗalibi daga dala 5,140 zuwa 6,160, malamai suka samu ƙari. Kowa na murna. Amma a cikinta aka soke kason haziƙai, aka narkar da shi cikin kuɗin gama-gari. Wajabcin yin shirin yana nan, sai dai gunduma ta riƙa ba da shaida duk shekara cewa tana yi. TAGT ta yi adawa da sokewar, ba ta yi nasara ba. Ba ta kuma watse ba. Zama na gaba, 2021, aka dawo da kason a dokar HB 1525, amma kashi 7 maimakon 12, iyakar kashi 5 ɗin nan kuma tana nan. Ka buga lissafi, 7 cikin ɗari na 6,160, kusan dala 430.

Injiniya: Tsaya Malama, a nan ni ina bayan majalisa. Hujjar hukumar da ta ba da shawarar sokewar ita ce kusan duk gundumomi sun riga sun cike kashi 5 ɗin. In kowa yana karɓar abu ɗaya daidai da yawan ɗalibansa, meye amfanin ware masa layi daban da tarin takardu? A zuba a babban asusu, kuɗin bai ragu ba, aiki ya ragu.

Malamar Houston: A lissafi ka yi daidai Injiniya. A makaranta ba haka abin yake ba. Kuɗin da ke da suna, mai kula da shirin zai iya shiga ofis ya ce ina kuɗin yarana, a buɗe littafi a nuna masa. Kuɗin da ba shi da suna kuwa, ranar da rufin makaranta ya fara yoyo ko motar ɗaukar ɗalibai ta lalace, shi za a fara taɓawa, domin kowa ya yarda haziƙai za su ci jarrabawa ko an kula da su ko ba a kula ba. Mun ga haka a matakin tarayya. Dokar Javits ta 1988 ita ce kaɗai kuɗin tarayya da aka ware wa fannin, ɗan kaɗan ne, na bincike da gwajin dabaru, amma daga 2011 zuwa 2013 ko dala ba a saka mata ba.

Kuma iyakar kashi 5 ɗin ma abin dubawa ce. Waɗanda aka gano a jihar sun kai wajen kashi 8. Gundumar da ta bi shawararka ta gwada kowa, ta gano ƙarin yara irin Yusra, ba za a ƙara mata ko sisi ba in ta riga ta cike kasonta. Kenan wanda ya yi adalci shi zai ciro daga aljihunsa.

Injiniya: Wannan na ƙarshen na karɓa. Na farkon har yanzu ina ganin rashin amana ne tsakaninku da shugabanninku, ba laifin doka ba.

Kwamared: Daga 12 aka sauko 7 kuna kiransa nasara. Da mu ne da an rufe makarantu sai an dawo da 12 cif.

Malamar Houston: Daga sifili aka hau 7, Kwamared, cikin shekara biyu, ba a rufe aji ko ɗaya ba.

Baban Khalifa: Ina gaida Baba Hedimasta da sauran manya. Ni daga Jigawa nake bibiya. Kada a yi kamar mu ba mu san zancen ba. Makarantar haziƙai ta tarayya da ke Suleja tun 1990 take aiki, shirin da aka faro zamanin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, kuma NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Mu ma muna da tamu a Bamaina, ta zamanin Gwamna Sule Lamido. Kafin su duka akwai makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da tsohuwar jihar Kano ta buɗe a 1977, shekarar da Texas ta yi dokarta ta farko. Je ka asibitocin Arewa ka ƙirga likitocin da suka fito daga Dawaki biyun nan.

Tsohon Hedimasta: Gaskiyarka ɗana, Dawaki sun yi aiki, ba mai musu. Amma ka lura da bambancin da ni na tsinta a bayanin Malama. Mu makaranta muke ginawa, mu tsamo yara kaɗan mu kai su kwana. Su cewa suka yi kowace makaranta, a inda yaron yake, tun daga ajin share fage. Wanda ya ci jarrabawar Suleja ko Bamaina ya tsira. Wanda yake ƙauyen da ba a ma ji labarin fom ɗin ba fa? Yarinyar da ubanta ba zai bar ta ta tafi makarantar kwana ba fa? Sannan namu duka daga sama suke saukowa: minista ya so, gwamna ya so. In mai son ya sauka, sai abin da Allah ya yi. Ban taɓa jin iyaye da malamai sun je majalisar jiha sun tsaya a kan kasafin haziƙai ba.

Malamar Houston: Baba, su ma suna da irin namu. A 1987 ɗin da aka yi dokar wajabci, majalisa ta kafa makarantar kwana ta lissafi da kimiyya, TAMS, a cikin Jami'ar Arewacin Texas da ke Denton, inda yaro ke yin shekara biyun ƙarshe na sakandare yana ɗaukar darussan jami'a. Sai dai ita 'yan ɗaruruwa take ɗauka, dokar kuwa ta shafi ɗaruruwan dubbai. Biyun suka haɗa.

Kwamared: Baba, da girmanka, amma a jihar da yara ke zaune a ƙasa, aji ba rufi, malami bai ga albashi ba, in na shiga majalisa na ce a ware wa haziƙai kaso ai jifana za a yi. Kuma da gaskiyar masu jifan. A fara sama wa kowa benci.

Tsohon Hedimasta: Ban ce a ware kuɗi ba tukuna. Awa 30 ɗin nan nake kallo. Bita nawa ake kai malamanmu a shekara, a ci shinkafa a karɓi kuɗin mota a watse? A ce ɗaya daga ciki ta zama ta yadda za ka gane yaron da ya wuce ajinsa da abin da za ka ba shi ya yi maimakon rubuta sunan masu surutu. Wannan ba ya hana sayen benci.

Baban Khalifa: Kuma ana koyar da ilimin masu buƙata ta musamman a Bayero da Jos, haziƙai suna cikin manhajar. Masanan suna nan, haɗuwar ce babu.

Kwamared: In bita ce ba ni da ja. Amma duk ranar da aka ce za a ware aji na musamman, ku rubuta ku ajiye, 'ya'yan kansila da na sakataren ilimi ne za su cika shi. In a Texas mai kwamiti da ɗaukaka ƙara sai da Maman Yusra ta bi ta hannun maƙwabciya, ina ga nan?

Maman Yusra: Ni dai tawa ta wuce, amma akwai matan da suka zo bayana. Anti, iyaye suna iya shiga TAGT ɗin kai tsaye, ko sai ta makaranta?

Malamar Houston: Kai tsaye, ta shafinsu na intanet. Amma abin da ya fi gaggawa ga matan namu shi ne kowace ta buɗe shafin gundumarta ta duba watan da ake karɓar sunaye, don kowace gunduma da nata lokacin, kuma uwa tana da damar miƙa sunan ɗanta da kanta ba sai ta jira malami ba. Ta kuma tambaya ko akwai gwajin da ba ya buƙatar Ingilishi. In an ƙi yaro, ta nemi makin a rubuce da ranar da ake rufe ɗaukaka ƙara.

Maman Yusra: Ki rubuto min wannan da Hausa dalla-dalla in tura zauren matanmu na Dallas.

Malamar Houston: In sha Allahu bayan na dawo daga taro. Baba, in akwai takardun bitar da aka raba kyauta zan turo maka, ka ga abin da zai yi aiki a ajin mutum tamanin da wanda ba zai yi ba.

Tsohon Hedimasta: Allah ya yi miki albarka. Ki haɗa da Kwamared, shi ne mai bakin shiga ofishin sakataren ilimi.

Kwamared: A turo. Amma ban janye maganar benci ba.